Wai Me Ke Damun Super Eagles Ne?

Malam Habu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau dai sai na amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji. Sau biyu ke nan a jere Najeriya tana rasa gurbin zuwa Kofin Duniya. A 2022 Ghana ta fitar da mu a kan idonmu a Abuja, a 2025 kuma Kwango ta koro mu gida daga Rabat ta Maroko da bugun fenariti. Kuma fa wannan karon gurbi 9 aka ba Afirka kai tsaye, har Cape Verde da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba ta samu. Ni a wurina laifin na masu riƙe da harkar ne. Wasa huɗu na farko maki uku muka samu: kunnen doki da Lesotho a Uyo, kunnen doki da Zimbabwe, kunnen doki da Afirka ta Kudu, sannan Benin ta doke mu 2-1, kuma mai horar da Benin ɗin Gernot Rohr ne da muka sallama. Koci uku a neman gurbi ɗaya, Peseiro, Finidi, Chelle. Ana saura kwana biyu a buga da Gabon yara suka ƙi fita atisaye saboda ba a biya su alawus ba. Ba sansani na kirki, ba tsari, sai a zo kamar 'yan ci-rani, a haɗu Talata a buga Juma'a kowa ya kama jirginsa. A haka ake so a ci kofi?

Ɗan Pillars: Wa'alaikumus salam. Allah Ya yi maka albarka Malam, ka faɗi gaskiya. 'Yan ci-rani ne wallahi. Yaron da aka haifa a Landan, bai san zafin ranar ƙasar nan ba, ya za a yi ya mutu a fili saboda ita?

Malam Habu: Ba haka nake nufi ba ƙanena. Maganar tsari nake yi.

Nura Agege: Ku dakata tukuna. Malam Habu, da girmanka, me ɗan ci-rani ya yi maka da za ka mai da shi abin misalin lalaci? Ni ɗan ci-rani ne a Legas, kuma da gumin ci-ranin nan nake riƙe da iyayena da ƙannena. Ɗan ci-rani ya fi kowa kishin gida, don saboda gidan ya fito. In za ka zagi 'yan ƙwallo ka zage su, ka cire mu a ciki.

Sagir Gunners: Kuma ma kalmar ba ta hau ba. Ɗan ci-rani gida yake bari ya tafi nema. Su Lookman a can aka haife su, nan ɗin ne suke zuwa. To wane ne ci-ranin, can ko nan?

Ɗan Pillars: Nan ne mana. Su zo su ci su tafi.

Sagir Gunners: Su ci me? Alawus ɗin da ba a biya ba? Abin da Iwobi yake ɗauka a Fulham a mako ai ya isa ya nuna maka ba kuɗi ke kawo shi ba.

Ɗan Pillars: Na san za ka kawo Iwobi, tunda tsohon ɗan Arsenal ne. Shi ne ya karɓi jan kati a Garwa ta Kamaru da Tunisiya ta fitar da mu daga Kofin Afirka, minti kaɗan da shigowarsa. Kuma ƙwallon da aka ci mu ranar, wa ke raga? Maduka Okoye, haifaffen Jamus.

Sagir Gunners: Iwobi a Legas aka haife shi, ka je ka bincika. Kuma in jan kati ne ma'auni, wa ya karɓi na Kofin Duniya na 2010?

Ɗan Pillars: Kada ka fara.

Sagir Gunners: Zan fara. Muna cin Girka 1-0, Kalu Uche ya ci, wasa na hannunmu. Ƙwallo ta fita waje, ba haɗari ba komai, Sani Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai wa Torosidis hauri a bakin layi. Alƙali ya zaro ja. Kaita ya durƙusa yana roƙo, ya fita da riga a lulluɓe da kai. Aka ci mu 2-1. Shi ma a Landan aka haife shi?

Alhaji Sabo: Kai yaro ka iya bakinka. Shekara goma sha biyar ana jifan Kaita da wannan magana, don ɗan Kano ne. A gasar nan dai Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga babu kowa a gabansa ranar wasa da Koriya ta Kudu, da ta shiga da wani labarin ake. Wa ke tuna masa? Amma da ɗan Arewa ya yi kuskure sai a rubuta a allo.

Sagir Gunners: Alhaji ni ma fa ɗan Arewa ne. Kuma ana tuna wa Yakubu, har yau ana yawo da bidiyon.

Alhaji Sabo: Ɗan Arewa a baki. Ƙwallo nawa ɗan Najeriya ya taɓa ci mafi yawa a Kofin Duniya? Huɗu, Ahmed Musa, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. Daga Pillars ya tashi. Garba Lawal da Tijjani Babangida, Kaduna. Yanzu a cikin sha ɗayan farko nuna min namu nawa ne.

Maman Khalifa: Alhaji ka yi haƙuri in sa baki. Zaidu Sanusi yana bugawa, Alhassan Yusuf ya buga Kofin Afirka a Kwaddebuwa, Sadiq Umar an sha kiran shi. Kuma waɗannan da ake kira 'yan ci-rani su suka kai mu wasan ƙarshe a Abijan a 2024. Troost-Ekong, haifaffen Holan, shi ya ci mana ƙwallon da ka, shi aka ba gwarzon gasar. Lookman ya ci Kamaru biyu, ya ci Angola ɗaya. Lokacin duk muna tafi, ban ji wanda ya tambayi inda aka yanke musu cibiya ba.

Ɗan Pillars: Amma sun ci kofin? Haller na Kwaddebuwa ya zo ya rufe mana baki.

Maman Khalifa: Haller ɗin a Faransa aka haife shi, ƙanena.

Nura Agege: Har yanzu fa ban ji Malam Habu ya janye kalmar ba.

Malam Habu: Nura, wallahi ban nufe ka ba. Ni abin da nake cewa, tun ba yau ba ake wannan ɗabi'a. Shuaibu Amodu ya kai mu Kofin Duniya na 2002, aka cire shi aka ba Onigbinde. Ya sake kai mu na 2010, aka cire shi ana saura 'yan watanni aka ɗauko Lagerback daga Suwidin. A 2014 a Birazil 'yan wasa sun ƙi atisaye kan kuɗi kafin wasa da Faransa, aka ci mu 2-0. Shekara sha ɗaya bayan nan ga shi an maimaita a Rabat. Wannan nake so mu tattauna.

Nura Agege: “Ban nufe ka ba” daban, “na janye” daban.

Baba Ɗanjuma: Ku yara kuna ta hayaniya, ni na ga abin da ido. A 2005 ina cikin filin Sani Abacha ranar da muka yi da Angola. Rana tana dukan mutane tun kafin azahar, fili ya cika maƙil. Okocha ya buga bugun tazara tun farkon wasa ta shiga, muka ce an gama. Da aka dawo hutun rabin lokaci sai na ga 'yan wasanmu suna jan ƙafa, wasu hannu a ƙugu, 'yan Angola kuwa kamar yanzu suka shigo. Suka farke, aka tashi 1-1. Da wannan kunnen dokin muka rasa zuwa Jamus a 2006, don maki daidai muka tashi da su amma sun doke mu a Luwanda. Waɗanda suka galabaita ranar nan duk haifaffun ƙasar nan ne, Turai ce kawai ta sangarta su.

Sagir Gunners: To Baba ai ka ga laifin wanda ya kai wasan Kano ne a wannan zafin.

Alhaji Sabo: Ka ji ko? Yanzu kuma Kano ce ta jawo. Abuja da aka yi da Ghana fa, Partey ya buga daga nesa ta wuce ta ƙarƙashin Uzoho, ita ma rana ce? Uyo da Lesotho ta riƙe mu, ita ma Kano ce? Tun daga wasan Angolan nan ake ƙyamar kawo manyan wasanni Arewa, an mai da Uyo gida. Ka kawo Lesotho Kano ka ga ko za ta fita da maki.

Sagir Gunners: Alhaji filin Uyo ne hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta amince da shi. Ba ƙiyayya ba ce.

Alhaji Sabo: Su gyara namu mana.

Issoufou na Maraɗi: Salama alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni ina ganin girman kai ne ke cin ku. Kuna shiga fili kun riga kun ci a zuciya. Har mai horonku yana cewa 'yan Kwango sun yi tsafi lokacin fenariti.

Ɗan Pillars: Malam Issoufou, Mena taku ta Nijar ta taɓa leƙa Kofin Duniya ne? Mu sau shida muka je. Kofin Afirka uku, 1980, 1994, 2013. Zinare a gasar Olamfik ta Atlanta 1996.

Issoufou na Maraɗi: Ba mu je ba, amma a 2012 muna Kofin Afirka kuna gida kuna kallonmu a talbijin. Kuma ka ga abin da nake faɗa, an taɓa ku kaɗan kun ɗauko 1996.

Baba Ɗanjuma: Bar shi ya ɗauko, abin ɗauka ne. Birazil tana cin mu 3-1 muka farke, Kanu ya gama da su 4-3. Waɗancan maza ne. Da Abacha bai hana su zuwa Kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 1996 ba, har CAF ta dakatar da mu daga na 1998, da kofunanmu sun fi uku.

Alhaji Sabo: Baba a bar Abacha ya kwanta. A zamaninsa aka ci na 1994, a zamaninsa aka ci Atlanta. Wa ya yi kamarsa a harkar ƙwallo?

Shugaban Zaure: Jama'a ban da siyasa, dokarmu ce.

Maman Khalifa: Mazan nan na Baba ma fa Denmark ta ci su 4-1 a Kofin Duniya na 1998, bayan sun doke Sifen kowa yana lissafin haɗuwa da Birazil. A 1994 kuma saura minti biyu, Italiya da mutum goma, Baggio ya farke. Ba mu taɓa wuce zagayen 'yan 16 ba, ko da su ko da na yanzu. Maroko da ta kai kusa da na ƙarshe a 2022, mutum 14 cikin 26 a waje aka haife su, har kocin nasu. Bambancin, su sun gina makarantar ƙwallo ta Sarki Muhammad na Shida, sun gina filaye, suna biyan haƙƙi a kan lokaci.

Malam Habu: Yawwa Hajiya! Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Mun ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, ina yaran suke shiga bayan nan?

Ɗan Pillars: Suna nan a gasar gida ana wulaƙanta su. Keshi, Allah Ya sa ya huta, da 'yan gida shida ya tafi Kofin Afirka a 2013. Sunday Mba ya ci Kwaddebuwa mai su Drogba, shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Rabi'u Ali Pele ya yi shekaru yana ruwan ƙwallaye a Pillars, sau nawa aka ba shi dama ta gaske? A kori 'yan ci-rani a ɗauko 'yan gida.

Maman Khalifa: 'Yan gidan zalla aka kai gasar CHAN a watan Agustan 2025. Sudan da ke cikin yaƙi ta ci su 4-0.

Ɗan Pillars: Zaɓen ne ba a yi daidai ba. An bar ƙwararru a Kano.

Lawal Katsina: Waɗanne ƙwararru? Pillars rabonta da kofin gasar gida tun 2014. Har faɗuwa kun yi zuwa rukuni na biyu.

Ɗan Pillars: Tare muka faɗi da ku a 2022, ka manta? Mu kofi huɗu gare mu, 2008, 2012, 2013, 2014. Katsina United ta nuna mana ko ɗaya.

Lawal Katsina: Enyimba ta ɗauko kofin zakarun Afirka sau biyu ba ta cika mana kunne haka ba.

Nura Agege: Shugaba, ina roƙo a sa doka, daga yau kada wanda ya ƙara amfani da ci-rani a matsayin zagi a zauren nan. Kun maimaita ta ya fi a ƙirga.

Sagir Gunners: Sai dai a fara da Ɗan Pillars.

Shugaban Zaure: To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita. Malam Habu ya kawo koke kan halin da Super Eagles ke ciki, kuma na fahimci mafi yawanmu mun yarda cewa babbar matsalar ita ce dogaro da yaran da aka haifa a waje tare da watsi da 'yan wasan gida. Misalin Keshi da Sunday Mba hujja ce da babu wanda ya iya ture ta. Baba Ɗanjuma ya tabbatar mana da idonsa cewa zaman Turai yana kashe juriya. Alhaji Sabo ya yi gaskiya, a dawo da wasanni Kano, a daina danne 'yan Arewa, kuma a bar Kaita ya sarara. Maganar alawus da sauya koci ƙananan abubuwa ne, in akwai kishi ba za su hana cin wasa ba. Sagir, a rage kare 'yan Arsenal. Lawal, a girmama na gaba, Pillars ba sa'ar Katsina United ba ce. Nura ka yi haƙuri, an ji kokenka.

Maman Khalifa: Shugaba, ina 4-0 ɗin Sudan ta shiga? Ina Maroko? Kuma su wane ne “mafi yawanmu”? Ni na ƙirga mutum biyu, sai kai na uku.

Shugaban Zaure: Hajiya an rufe. Mai ƙorafi ya same ni ta waya da safe.