Karon farko zan sayar da 'yan sojojina na Warhammer, ku ba ni haske

Mubarak:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina tara 'yan mutum-mutumin Warhammer 40,000, wasan yaƙi na kan tebur, kusan duk na rundunar Space Marines. Yanzu hankalina ya koma kan wata rundunar, Necrons, akwati kuma ya cika. Ina da ashirin da na yi wa fenti da hannuna, da goma da ban ko yanke daga firam ɗin robar da suke zuwa a jiki ba, sai wani tsohon kwamanda na ƙarfe wanda takobinsa ya taɓa karyewa na liƙe da gam.

Jiya na ɗora hotunansu. Wani ya ce mu yi musaya da Necron Warriors ɗinsa, amma ni zan fara turawa. Wani kuma ya ce zai saya ta PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, ta hanyar tura wa 'yan uwa da abokai, wai don kada a cire kuɗin hidima. Gabana ya faɗi. Dare nawa na raba ina zana tambari a kafaɗun nan da buroshi mai sili kaɗan, ba na so su tafi a banza.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Cewa ka fara turawa ba zamba ba ce a kan kanta, haka ake yi: wanda ba a san shi ba shi ke fara turawa. Amma sai in shi ɗin an san shi. Duba ko akwai waɗanda suka yi ciniki da shi suka yaba, kuma asusunsa ba na jiya ba ne. Sannan ka ce ya rubuta sunansa da kwanan wata a takarda, ya ajiye kusa da kayan ya ɗauki hoto. Wanda ya kwafo hoto daga intanet a nan yake fara kame-kame.

Na biyun kuwa ka ƙi. Waccan hanyar ba ta da kariya ga mai saye ko mai sayarwa, kuma ba don ciniki aka yi ta ba. Ku bi ta biyan kaya da hidima. Ka tura zuwa adireshin da ke jikin bayanin biyan kaɗai, da lambar bin diddigi, ka adana rasit, domin mai saye yana da kwana 180 ya ce kaya bai iso ba. Kada ka yarda da imel ko hoton da ke cewa an biya, shiga asusunka ka ga kuɗin da idonka.

Zainab:
Malam Habu ya gama maganar kuɗi, ni kwali ne ya taɓa sa ni hawaye. Na haɗa wani na ƙarfe da na roba goma a kwali ɗaya, na cusa takarda ina ganin ya isa. Na ƙarfen ya yi ta birgima a hanya kamar guduma. Da mai sayen ya turo hoto, bindigogi uku a karye, fentin kawunan duk ya goge. Na mayar masa da kuɗinsa, kayan kuma sun riga sun lalace.

Naɗe kowane ɗaya daban, tishu mai laushi a ciki, leda mai kumfa a waje, kada salatif ya taɓa fenti. Kwamandan ya samu ɗan kwalinsa shi kaɗai. Rufe ka girgiza a kunnenka, in ka ji motsi buɗe ka ƙara. Takobin nan kuma ka ɗauki hotonsa kusa-kusa ka faɗi an liƙe shi. Wata magana mai ɗaci, Mubarak: goman da ke firam za su iya fin masu fentin saurin tafiya, don da yawa launin rundunarsu suke so. Duba abin da aka riga aka sayar a kasuwar intanet ta eBay, ba abin da masu talla ke nema ba.

Nura:
Ka kula da jabu. Necron Warriors na Games Workshop, kamfanin da ke ƙera su, roba ne. In ka ga na rezin (wani sinadari da ake zubawa ya daskare), masu layin haɗin zubi biyu a jiki, kofe ne aka zuba. Gam ɗin roba ma ba ya kama su.

Mubarak:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mai PayPal ya yi shiru tun da na ce sai ta hanyar kaya. Mai musayar ya turo hoto da takardar, mutum bakwai kuma sun shaide shi, don haka gobe zan tura masa goman firam. Kwamandan na fasa sayarwa. Yaya Zainab, soso zai iya maye gurbin leda mai kumfar?