Ina za mu samu tallafin gwada na'urar binciken sankarar bakin mahaifa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙaramin kamfani ne da mu a Kakuri, Kaduna, da rajistar CAC. Mun haɗa 'yar na'ura da ake maƙalawa a waya, ungozoma ta ɗauki hoton bakin mahaifa bayan an shafa ruwan khal, ta tura wa likita ya duba. Kafin mu tunkari NAFDAC muna son sakamakon gwaji a asibiti, kuɗin gwajin kuwa ya fi ƙarfinmu.

Tallafin SBIR na Amurka, na bincike da ƙirƙira ga ƙananan kamfanoni, sai kamfanin da yawancinsa mallakin Amurkawa ne. Na TETFund kuma na malaman manyan makarantu ne.

Shin NICRAT (cibiyar bincike da maganin sankara ta ƙasa) ko SMEDAN (hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i) suna ba irinmu tallafi? Bashi mai ruwa dai ba ma so. In kuma muka bi ta hannun malamin jami'a, wa zai mallaki ƙirƙirar?