Ƙwallo ga yaran unguwa: taimako ne ko ɓarnar kuɗi?

Kocin Layi:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Bayan firamaren unguwarmu akwai fili, kullum da yamma yara na buga ƙwallon tsumma da suka ɗaure da leda. Yawancinsu marayu ne da almajiran tsangayar da ke kusa. Mu matasa muka yi karo-karo don mu saya musu ƙwallaye da riguna, mu riƙa shirya musu gasa. Sai wani dattijo ya tare ni ya ce, "Yaron da bai karya ba, ƙwallo za ka ba shi?" Maganar nan ta tsaya mini a rai. Akwai inda irin wannan aikin ya yi amfani, ko mu zuba kuɗin a abinci kawai?

Malamar Aji Uku:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Baba ya faɗi gaskiya, amma kada ku fasa. A Mathare, unguwar talakawa a Nairobi, an kafa ƙungiyar wasannin matasa mai suna MYSA tun 1987. Abin da ya burge ni da su, ba a fili kaɗai kulob ke cin maki ba. Idan 'yan wasa suka fita suka kwashe shara suka yashe kwata, ana ƙara musu maki a teburin gasar. Ku ma ku ɗaura makin da zuwa makaranta. Ina ganin yaran da bulala ba ta hana su fashi ba, amma a ce ba za su buga wasan Asabar ba, sai ka gan su tun kafin a kaɗa ƙararrawa.

Baban Khalifa:
Malam, kafin ka sayi ko usur, je ka durƙusa gaban alaramman tsangayar ka nemi izini. In ka tsallake shi, a sati guda zai janye yaransa, kuma yana da hujja. Ka sa wasansu ranar Alhamis tunda ba karatu. Batun yunwa kuma, ku rage kuɗin riguna, a dama kunu a soya ƙosai bayan an tashi. Yaran nan ba takalmi suke bugawa, don haka a fara tsince ƙusoshi da fasassun kwalabe. Don Allah ban da ɗora hotunansu a Facebook don neman tallafi.

Hajiya Inna:
Duk kun manta da 'yan mata masu talla. Ba kowane uba zai bar 'yarsa ta shiga filin ƙwallo ba, amma wa zai hana gaɗa ko carafke a tsakar gidan wata dattijuwa? A Legas, Tunde Onakoya ya fara shirin koyar da yaran unguwannin talakawa mai suna Chess in Slums a 2018 da darar Turawa kawai, har ƙarƙashin gadar Oshodi ya kai ta, kuma ta hanyarta yara suka samu gurbin karatu. A ƙungiyar Right To Play mai koyar da yara ta hanyar wasa, wadda ɗan wasan Norway Johann Olav Koss ya kafa, bayan wasa sukan zaunar da yara a tambaye su me suka koya, kuma ina zai yi musu amfani a gida. A wannan zaman ne za ka ji wadda ake duka, da wadda ake shirin cirewa daga makaranta.

Kocin Layi:
Allah ya saka da alheri. Gobe bayan Asuba zan je wurin alaramma. Hajiya, wane lokaci ne iyaye za su fi yarda su saki 'yan matan, kafin fita talla ko bayan La'asar?