Saura mutum uku, sai ping ya hau 999

ƊanKurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya a Free Fire, wasan harbi na waya, taswirar Bermuda, cikin mutum 50 saura mu uku. Ina riƙe da bindigar M1887, gulu wol (katangar kariya) biyu a jaka, zon (da'irar tsira) ya matse kusa da wurin da ake kira Clock Tower. Kawai sai lambar ping, mai nuna jinkirin intanet, ta yi ja, 999. Ina ta danna gudu, mutumina yana tafiya a wuri ɗaya. Da layi ya dawo, akwatina na tarar a ƙasa, an kashe ni. Maki kaɗan ya rage in shiga matakin Heroic. Ni kaɗai ne, ko kowa da nasa?

MaiShayinDare: Ba kai kaɗai ba ne, abokina. Ni Hajiyarmu ce ta kira ana tsakiyar wuta a Peak, wani wuri a taswirar. Wa ya isa ya kashe kiran mahaifiya? Na ɗaga, tana tambaya ko na ci abinci, ni kuwa ina jin tawagata na ihu a zuciyata.

Injiniya_Tasha: Wannan na kiran yana da dalili. Idan layinka ba shi da VoLTE, wato kira ta kan 4G, da kira ya shigo wayar takan sauko daga 4G zuwa 3G ko 2G don ta ɗauki murya, data ta tsaya ko ta ja jiki. In kuma waya mai layi biyu ce aka kira ɗaya layin, a yawancin ƙananan wayoyi datar ɗayan yankewa take gaba ɗaya. Ni kafin in shiga wasan ranki nakan kashe layin kira, in bar na data. Amma MaiShayi, kai kam kada ka gwada, Hajiya za ta aiko a duba ka.

YarDamagaram: Namu a nan zafi ne. Watan Afrilu, waya mai RAM 2, na ɗora mata Free Fire Max don kwaɗayin hoto mai kyau. Wasa biyu ta fara ƙona hannu, hoto na tsalle-tsalle, ina harbin wanda tuni ya bar wurin. Na koma na asali, na mayar da hoto Smooth (mafi sauƙi), na cire rigar wayar. Hoton ba daɗi, amma Booyah (nasara) uku na ci a makon.

ƊanKurna: Yaya, ashe da mata a fagen nan!

YarDamagaram: Turo lambar ɗaki mu gani, ƙanena.

Bakanike09: Ni laifina ne. Caji kashi 7 na shiga, wai wasan minti goma ne. Aka ɗauke wuta, wasan ya ja, wayar ta mutu ina tsaka da tayar da abokina da aka kwantar. Har yau in muka haɗu a majalisa sai ya tambaye ni caji nawa.

MaiShayinDare: Injiniya, to wasan bayan ƙarfe ɗaya na dare fa? Ni ping ɗina a lokacin ba ya wuce 90.

Injiniya_Tasha: Jama'a sun yi barci, turken sabis ɗin unguwarku ya samu sauƙi. Matsalar ita ce wa zai tashe ka asuba.