Wa ya taɓa kasa addu'a saboda ciwon damuwa?

Maman Tagwaye, Kafanchan: Salama a gare ku 'yan'uwa. Tun da na haihu wata biyar ke nan ban san daɗin komai ba. In na durƙusa addu'a sai bakina ya yi nauyi, hawaye kawai. Wata uwa a Zumuntar Mata ta ce bangaskiyata ce ta yi sanyi, in ƙara azumi. Na yi kwana uku, ga shayarwa, nono ya ja baya, yaran suna ta kuka. Yanzu gani nake na kasa a gaban Allah, na kasa a gaban 'ya'yana. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan?

Baba Dattijo, Biliri: 'Yata, na shiga, shekarar da mai ɗakina ta rasu. Ina wa'azi ran Lahadi, in dawo in rufe ƙofa har Laraba. 1 Sarakuna 19 a Littafi Mai Tsarki ce ta riƙe ni. Annabi Iliya, wanda wuta ta sauko masa a Dutsen Karmel, ya tsere wa sarauniya Yezebel, ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai tsawata masa ba. Abinci da tulun ruwa ya ajiye masa, ya bar shi ya sake barci, ya kuma tashe shi ya ci. Maganar da Allah ya yi da shi ma sai da ya kai Dutsen Horeb. Ki karya azumin nan, don Allah.

Ɗan Bukuru: Ni laifi ne ya ci ni. Ni na ɗauko ƙanena a babur ranar da muka yi hatsari, na tashi, shi bai tashi ba. Shekara biyu ina ficewa kafin a raba Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci don tunawa da mutuwar Yesu, wai ban cancanta ba. Fastonmu ya bi ni har gareji. Ya nuna mini cewa a bakin wutar gawayi Bitrus ya yi musun Yesu, a bakin wutar gawayi kuma Yesu ya ba shi kifi da gurasa a Yahaya 21, sannan ya danƙa masa tumaki, wato mabiyansa. Ban warke a ranar ba, har yau akwai daren da ba na runtsawa. Amma Jibi ina ci.

Nas ce ni, Zariya: Mama, abin da kika faɗa ya yi kama da damuwar bayan haihuwa, kuma ana maganinta. Ni ma na sha maganin damuwa bayan ɗana na fari, a ɓoye don kunya, ga ni ma'aikaciyar asibiti! Takan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi. Ki gaya wa likita kina shayarwa. In tunanin cutar da kanki ko yaran ya zo, kada ki kwana da shi, ki faɗa wa wani yau.

Maman Tagwaye, Kafanchan: Na gode Baba, na sha kunu da safe. Na karanta wa maigida saƙonninku, ya yi shiru, daga baya ya ce ran Alhamis zai kai ni asibiti, surukata za ta zauna da yaran.