Kuɗin tallafin korona: wa ke yanke inda za su je?

Maman Yusra: Jama'a, a Amurka nake zaune. Birninmu ya samu kasonsa na kuɗin ARPA, wato dokar tallafin korona ta gwamnatin tarayya, sai na ga an kwashe kaso mai tsoka an kai gyaran bututun ruwa, alhali masu haya na kuka. Hakan ya halatta?

Baban Khalid: Ya halatta, Hajiya. Dokar ARPA ta 2021 ta ware dala biliyan 350 ga jihohi da ƙananan hukumomi, kuma ruwa, magudanai da intanet na cikin abin da aka yarda. Amma an hana zuba kuɗin a asusun fansho.

Ɗan Zango: Majalisar birni ke kaɗa ƙuri'a. Wanda ya halarci zaman jin ra'ayi, shi ake ji.

Maman Yusra: To, ina mai aikin dare zai samu halarta?