Don Allah a ba ni shawara, maganar tsoffin takardun nan da ake tonowa ta haɗa ni da dattawa

Ayuba: Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗau zafi. Ni ke jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa a ikilisiyarmu, kuma ba ni na nema ba fa, wanda yake riƙe da shi ne aka yi wa canjin wurin aiki aka ce in riƙa kafin a samu wani, har yau ba a samu wanin ba, ni ke share ɗaki ni ke jera kujeru ni ke bin yaran nan a waya in ba su zo ba, takardun darasi ma da kuɗina nake bugawa ban taɓa cewa a biya ni ba. To wani yaro cikinsu mai kaifin kai ya zo da labari a wayarsa wai an gano tsohuwar takarda a Jamus mai ba da labarin yarintar Yesu da babu a Baibul, yadda ya ƙera tsuntsaye da laka ya tafa hannu suka tashi. Ya tambaye ni a gaban kowa, in gaskiya ne me ya sa aka cire, in ƙarya ne me ya sa masana ke ta murna. Na ce ba za mu gudu ba, mu karanta abin da idonmu. Na nemo littafin da ake kira Bisharar Toma na kawo muka karanta. Yanzu magana ta kai gun dattawa an ce in dakata sai an zauna, iyayen wata yarinya sun hana ta zuwa, shi kuma yaron ya daina ɗaga wayata. Wai mu Kirista yaya za mu yi da irin waɗannan abubuwa in sun fito? In je in ba da haƙuri ne ko in tsaya kan bakana?

Maman Rifkatu: Ɗana, me ya kai ka? Galatiyawa 1:8 ta gama magana, ko mala'ika ne ya sauko da wata bishara dabam ba ruwanmu da ita. Littattafai 66 ɗin da ke hannunmu ka gama da su ne? Ka je ka durƙusa ka ba dattawa haƙuri kawai.

Malam Istifanus: Ayuba ka fara faɗa mana wane Toma ka karanta musu, don guda biyu ne kuma ba abin da ya haɗa su sai suna. Wadda yaron ya nuna maka 'yar guntuwar takarda ce mai layi 13 da Helenanci, ta daɗe a ajiye a ɗakin karatu na Hamburg ba wanda ya kula ta, sai 2024 aka sanar an gane ko mece ce. Labarin kansa ba sabo ba ne ko kaɗan, Bisharar Yarinta ta Toma ce, an san ta tun ƙarni na 2, abin da ya sa masana murna shi ne wannan kwafin na ƙarni na 4 ko na 5 ne, ya girmi sauran na Helenanci da ɗaruruwan shekaru. Ba cire shi aka yi ba, bai taɓa shiga ba. Kuma in ka karanta gaba za ka ga yaro Yesu yana la'antar wani yaro don ya bangaje shi yaron ya faɗi ya mutu, alhali Yohanna 2:11 ta ce a Kana ya fara alamunsa. Ɗayar kuma Bisharar Toma ce mai zantuka 114, wadda wani manomi ya tono cikin tulu a Nag Hammadi ta Masar a 1945. Mama, da girmamawa, tsoro ba namu ba ne. Makiyaya ne suka fara cin karo da naɗaɗɗun littattafan Kumran bakin Tekun Gishiri wajen 1947, kogo 11 aka samu zuwa 1956, ciki har da Ishaya cikakke sura 66 wanda aka rubuta sama da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu, kuma da aka gwada shi da namu yawancin bambancin na rubutun kalmomi ne. Da a ce mun ƙi dubawa da ba mu san wannan ba. Tambaya uku nake yi wa kowace takarda, daga ina ta fito, yaushe aka rubuta ta, ikilisiyar farko ta san ta ko ba ta sani ba. Shi ke nan.

Ayuba: Duka biyun na karanta musu Malam, kaɗan kaɗan. Kuma Mama ai ba ni na kai musu ba, yana cikin wayarsu tun kafin in buɗe baki. In na ce kar su duba a ɗaki za su duba ba mai yi musu bayani.

Saratu: Hmm ni wannan ya tuna min da nawa. Na ga 'yar sanarwa a ƙasan Markus 16 cewa aya 9 zuwa 20 babu su a wasu tsoffin kwafi, na je na tambayi wani fasto cikin ladabi, ya ce min yawan tambaya ne ya sa har yanzu ban yi aure ba. Ina kuka na fito ofishin nan. Daga ranar ban ƙara tambayar kowa komai ba, sujada kawai nake zuwa in tafi gida. Su ba sa karatu kuma ba sa so a san ba sa yi.

Malam Istifanus: 'Yar'uwa Saratu amsarki mai sauƙi ce, manyan kwafi biyu na ƙarni na 4, na Sina'i da na Batikan, a aya 8 suka tsaya. Haka labarin matar da aka kama da zina a Yohanna 7:53 zuwa 8:11 babu shi a mafi tsufa. Masu fassara da kansu suka rubuta miki a ƙasan shafi, mai ɓoye abu ba ya haka. Kwafin Sabon Alkawari na Helenanci sun haura 5,000, shi ya sa ma ake iya gane inda aka ƙara.

Dauda: Malam kana sauƙaƙa abin da yawa. Ka kawo Ishaya ka bar Irmiya, alhali a Kumran ɗin an samu Irmiya gajere wanda ya fi kama da tsohuwar fassarar Helenanci. Goliyat ma a kwafin Sama'ila na can kamu huɗu da taƙi ne, a namu kamu shida da taƙi. Sannan Mama ta ce 66, mu Katolika 73 ne, 'yan'uwanmu na Habasha 81 har da littafin Anuhu wanda Yahuza 14 ta ɗauko magana daga ciki, kuma shi da Tobit duk an samu guntayensu a kogunan nan. Kullum a nan sai a yi magana kamar ba ma nan.

Maman Rifkatu: Kun gani ko? Daga takarda ɗaya ga shi har an rage wa Goliyat tsawo. Abin da nake gudu kenan.

Malam Istifanus: Dauda tsawon Goliyat ba ya cikin sharuɗɗan ceto. Abin da nake so Ayuba ya riƙe shi ne kar a yi saurin firgita kar kuma a yi saurin tafi. A 2012 wata farfesa ta Harvard, Karen King, ta fito da guntuwar da ke cewa Yesu yana da mata, duniya ta ɗauka, a 2016 aka bi sawun mai takardar, farfesar da kanta ta yarda alamu sun nuna jabu ce. Mu ma an ci mu, gidan tarihin Baibul na Washington ya sanar a 2020 cewa guntaye 16 na Tekun Gishiri da yake nunawa duk jabu ne. Bisharar Yahuza Iskariyoti da aka yi ta hayaniya a kai a 2006 kuwa ta gaske ce tsohuwa, amma Ireniyas, wani bishop na ikilisiyar farko, ya ambace ta ya ƙi ta tun wajen shekara ta 180. Tsufa dabam, zama Maganar Allah dabam.

Dauda: To in gobe aka tono wasiƙar Bulus da ya ambata a 1 Korintiyawa 5:9, aka tabbatar tasa ce, a saka a Baibul ko kar a saka?

Malam Istifanus: Ba za a saka ba. A karanta a ƙaru, amma an rufe jerin littattafan Baibul.

Dauda: Wa ya rufe, a wace aya?

Hannatu: Ku kun koma gardamarku. Ayuba ni abin da ban gane ba, ka sanar da fasto kafin ka kawo? Kuma bayan kun karanta me ka ce wa yaran? Don yaron da ya kawo tambaya shi ne ya ɓace, wannan ya fi damuna fiye da dattawa.

Ayuba: Anti Hannatu lokaci ne bai ba ni ba, kuma ko na faɗa na san amsar da za a ba ni. Mutanen Biriya na cikin Ayyukan Manzanni ai ba su nemi izini ba kafin su bincika wa'azin Bulus. Na ce musu kowa ya je ya yi tunani ya yi addu'a, ban ga laifi a nan ba. Yaron kuma dama yana da nasa matsalolin a gida ba sai na faɗa ba.

Hannatu: Biriya Nassi suka bincika ɗan'uwa, kai kuma ka sallami yara da labarin Yesu ya kashe yaro ka ce su je su yi tunani.

Ayuba: Ba haka ya faru ba, ba kya wurin. Ni dai an ɗaga zaman zuwa bayan sujada, kuma har yanzu ba wanda ya faɗa min in tafi da takardun in nuna musu ko in bar su a gida.

Maman Rifkatu: Ka bar su ɗana.

Malam Istifanus: Ka tafi da su, amma ka turo min tukuna in ga wace fassara ka buga, don akwai na banza da yawa a intanet.